Tayar da Tsofaffin Motocin Peugeot a Ƙasar Gwarzo da Kabo: Shasi da Sifirin da Birki

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda ake tayar da tsohuwar mota ta koma bakin aiki, tare da taƙaita magana a kan sassa uku waɗanda rayuwar fasinja ta rataya a kansu, watau shasi da sifirin da birki. An ɗauki misali daga motocin Peugeot, waɗanda jama'a ke kira Fijo, samfurin 404 da 504, musamman a-kori-kura, domin ita ce ta daɗe tana jigilar hatsi da dabbobi a hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Rimin Gado da Garo ta isa Gwarzo, tafiyar kimanin kilomita 70, sannan ta zarce Dayi.

An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, 504 kuwa a 1968. A 1975 masana'antar harhaɗa Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta soma aiki, kuma a shekarun farko ta jirgin sama ake kawo kayan haɗin daga Liyon zuwa Kano, sannan a kwashe su a manyan motoci zuwa Kaduna. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har bayan shekarar 2000. Wannan ne ya sa kanikawanmu suka san cikin motar kamar yunwar cikinsu. Sai dai tsofaffin masu wannan sani suna ƙarewa, motocin kuma 'yan gwangwan suna saye suna yankawa a sayar da ƙarfen a kan sikeli.

2.0 Shasi

Da farko ya kamata a bambanta iri biyu. Ƙaramar mota ba ta da shasi na daban. Gangar jikin ce aka ƙera ta ɗauki nauyin kanta, don haka ruɓewar daɓenta ruɓewar ƙashin bayanta ne. A-kori-kura kuwa tana da dogayen ƙarafa biyu a ƙarƙashin bodi, da gajeru da suka gitta su, kuma a kansu kaya ke zama.

Masu wannan sana'a a Turai tsatsa ce babbar abokiyar gabarsu, saboda gishirin da ake zubawa a hanyoyinsu lokacin ƙanƙara. A nan ba haka abin yake ba. Ƙasarmu busasshiya ce, tsatsa ba ta cin ko'ina sai inda aka gayyato ta: inda takin zamani ya zube ya sha raɓa, inda fitsarin awaki ya kwanta, ƙarƙashin batir, da cikin ramin ƙarfe inda taɓon damina ya maƙale. Ciwon motocinmu shi ne tsagewa. Ƙarfen da ake lanƙwasawa kaɗan-kaɗan sau dubbai yakan gaji, kamar yadda waya ke tsinkewa in an yi ta murɗa ta. Gargadar hanyar birji da lodin da ya wuce kima su ke wannan aiki, kuma tsagar takan fara daga bakin ramin noti, ko gindin maratayin sifirin, ko daidai bayan gidan direba.

Saboda haka sai an sauke bodi, an wanke, an kankare har farin ƙarfe ya fito, kafin a ce an ga shasi. Daga nan a auna shi a shimfiɗaɗɗen wuri: a ja igiya daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, a sake ja daga ɗaya ɓangaren. In tsawon bai zo ɗaya ba, shasin ya karkace, kuma motar za ta riƙa tafiya a kaikaice tana cin taya, kome sabuntar sifirin da aka sa mata.

Wurin walda ne aka fi yin kuskure. Yawancin masu walda sukan bi tsagar su cike ta, su ɗora faci mai kusurwa huɗu su zagaye shi da wuta. Aikin yakan yi kyan gani, amma ɗinkin da ya yanka ƙarfe a tsaye ya zama sabon wurin tsagewa, sai ka ga bayan damina ɗaya ta ɓulla a gefen facin. Abin da ya dace shi ne a huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a fafe bakinta a cike, sannan a yanka faci mai tsinin baki gaba da baya, kaurinsa daidai da na shasin, domin nauyi ya ratsa shi sannu a hankali. Facin da ya fi shasi kauri matsar da ciwon kawai yake yi.

3.0 Sifirin

Gaban waɗannan motoci naɗaɗɗen sifirin ne da shokazoba a cikinsa. Bayan a-kori-kura kuwa sifirin mai falle-falle ne, wanda ƙusar tsakiya ta haɗe, aka ɗaure shi a aksul da lanƙwasassun ƙusoshi. In ƙusar tsakiya ta karye aksul yakan zame, motar ta koma tafiyar kaguwa.

Akwai al'adu biyu a garejinmu da ya kamata a dube su. Ta farko ita ce gasa fallen da ya kwanta a wuta a mayar masa da lanƙwasarsa. Wutar tana kashe taurin da aka ba shi a masana'anta, don haka ko ya sake kwantawa ko ya karye. Gara a nemi wani fallen a Ƙofar Ruwa. Ta biyu ita ce ƙara falle biyu ko uku domin motar ta ɗauki kaya. An yi a-kori-kura don kimanin tan ɗaya ne, watau buhu goma na masara, amma wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwar Getso ya san ba a nan ake tsayawa ba. Ba na ganin laifin direba shi kaɗai, domin kuɗin mai da na mai mota duk a cikin lodin suke. Sai dai ƙarin falle sifirin kawai yake ƙarfafawa. Bai ƙara wa aksul ko taya ko birki kome ba, kuma dukan da sifirin ya ƙi shanyewa shasi ne ke karɓarsa. Tsagar da muka yi magana a kanta a sama, sau da yawa nan ne mafarinta. A ra'ayina, wanda ke son motar ta ƙara shekara ashirin sai ya mayar da ita adadin fallenta na asali.

Ƙaramin abu da akan manta: ba a ƙarasa ɗaure notin bushin roba sai an sauke motar daga jak ta tsaya a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri.

4.0 Birki

Aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi. In nauyi ya ninka, zafin ya ninka. In gudu ya ninka, zafin ya ninka sau huɗu. Motocin 404 na farko birkin ganga ne da su gaba da baya. A-kori-kurar 504 faifai ne a gaba, ganga a baya. Ganga tana riƙe zafi, tana buɗewa in ta yi zafi, shi ya sa feda ke nutsewa a doguwar gangara.

Man birki yana tsotsar laima daga iska. Sabon mai na ajin DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 140. In ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, sai direba ya taka ya ji wayam. Motar da ta shekara goma a ajiye a ƙarƙashin darbejiya, ruwan nan ya riga ya ci cikin masta da ƙananan silindojin ƙafa. Don haka ba a gyaran rabi: a sauya robobi duka, da tiyo, da duk bututun da ya yi tsatsa, sannan a fitar da iska tun daga ƙafar da ta fi nisa da masta. Kada a wanke robobin da fetur ko kananzir, kada kuma a zuba man inji ko ruwan sabulu a madadin man birki, kamar yadda wasu ke yi in dare ya yi musu a hanya. Man inji yana kumbura roba, ruwa kuma yana tafasa a digiri 100.

Akwai kuma lafiyar bakaniken kansa. Tsofaffin takalman birki da asbestos aka yi su, kuma ƙurarsa tana haddasa ciwon huhu da ba ya bayyana sai bayan shekaru da yawa. Yaron gareji ne akan ba ganga ya hure da baki. A jiƙa tsumma a goge ta, a binne tsumman.

Gwajin ƙarshe ana yin sa ne a fili, ba ranar kasuwa ba: a taka feda a riƙe na rabin minti a ga ko za ta nutse, sannan a ja motar a hankali a kan birji a taka birki, a sauko a duba sawun tayoyin huɗu. In ɗaya ya fi sauran tsawo, a koma gareji.