Matse Faifan Kwamfuta: Dabarar da ke Ci Maka Lokaci

Sau uku a wata guda na ji wannan magana a shagunan buga takardu da na masu tura finafinai a Haɗejiya: wai akwai wani ɗan akwati a Windows, in ka danna shi faifan kwamfutarka zai ninka girma, gudunta ma ya ƙaru. Har wani ƙanena mai haɗa bidiyon biki ya biya kuɗi aka danna masa. Bayan sati biyu ya kawo mini kwamfutar yana cewa, “Yaya, ko aljanu ne suka shige ta?” Bidiyon da yake kwafewa kafin shayi ya huce, yanzu sai ya je Azahar ya dawo bai gama ba.

Akwatin gaskiya ne. Tsarin ajiya na Windows mai suna NTFS yana da shi tun 1995, aikinsa kuma matse fayil don ya rage cin wuri. Ƙaryar tana wajen cewa komai yana matsuwa.

Duk wanda ya taɓa ɗura harawa a buhu ya san in ka taka za ta sauka. To je ka taka buhun shinkafar fadama ka gani. Bidiyon MP4, hoton JPEG, waƙar MP3, duk shinkafa ne, an riga an matse su tun daga tushe. Hatta takardun Word na zamani, tun daga na 2007, a matse suke zuwa. Amma kwamfuta ba ta san haka ba sai ta gwada. Takan yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace kilobayit 64, ta matsa; in ba ta samu ragin ko da kilobayit 4 ba, sai ta ajiye gunduwar yadda take. Gigabayit ɗaya na bidiyo gunduwa 16,384 ke nan. Wahala sau dubu sha shida, riba kusan babu. Wannan ai ɗaukar dala ba gammo ne.

Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. Fayil ɗin da ya matsu ma yana da nasa ciwo. Gunduwa ta koma kilobayit 40, ta bar gurbin 24, wani fayil ya zo ya zauna a gurbin. Gobe ka gyara harafi ɗaya, dole a kwance gunduwar gaba ɗaya, a sake matse ta, in ta ƙara ƙiba ba ta komawa mazauninta, sai a nema mata wuri can nesa. A hankali fayil ɗaya ya tarwatse kamar gonar gado: kunya goma a nan, biyar a hanyar Auyo, sauran a tsallaken kogi. Da yawa daga cikin kwamfutocin hannu na gwanjo da muke saye faifai mai juyawa gare su, sau 5,400 a minti, da ɗan hannu mai bin sawu yana karantawa. Kowane tsalle lokaci ne. Ƙarar nan ta ƙas-ƙas da kake ji, shi ne yake zarya.

Adalci dai, tsofaffin rubuce-rubuce tsagwaro da ba a taɓa su suna matsuwa sosai, kuma faifan SSD, da ba shi da abin da ke motsi, bai cika damuwa da tarwatsewa ba. Sai dai nawa ne cikinmu ke da irin wannan ajiya? Abin da ya cika faifanmu finafinan Kannywood ne, da wa’azi, da hotunan fasfo na masu rajistar JAMB. Abin haushin shi ne mai gyara ya karɓi kuɗin talaka a kan abin da bai fahimta ba. Wannan ba sana’a ba ce, cin amana ne, kuma sai an tambaye shi.

Tabbas ba matsewa kaɗai ke rage gudu ba: cutar kwamfuta, ƙarancin mimori da ƙurar hunturu su ma suna sa nawa.

In kana zargin an danna maka, duba fayilolinka: ’yan kibiyoyi biyu shuɗɗa a kusurwa, ko suna da shuɗin rubutu a tsohuwar Windows, alama ce. Buɗe bayanin fayil ka gwada girmansa da wurin da ya ci a faifai; in kusan ɗaya ne, ba abin da ka samu. Kafin ka cire alamar da aka danna a ɗan akwatin nan, kwafe muhimman abubuwa zuwa wani faifan daban. Ka tabbata akwai sarari, domin abin da ya matsu zai kumbura. Kada ka fara sai batir ya cika ko janareta na da mai, aikin yana iya cin awoyi, kuma ka san halin wutarmu. Bayan nan, in faifai mai juyawa ne, sa manhajar Windows ta tattara tarwatsattsun fayiloli. In SSD ne, bar Windows ta kula da shi da kanta. Sannan ka zauna ka goge maimai. A kwamfutar ƙanena mun tarar da bidiyon kamu ɗaya a folda huɗu.

Masu gyara, don Allah, in mutum ya zo da faifai a cike, ku gaya masa gaskiya: ko ya rage kaya, ko ya sayi wani.