Lambarka Tana Wayar Wani: Yadda Sirri Ke Fita Ta Hannun Makusanta

Masu riƙe da waya da yawa a Najeriya sun san irin wannan saƙo. Lambar baƙuwa ce, rubutun da Turanci mai kaushi, a ƙasansa kuma ga hoton wanda ka sani: abokin aikinka, ko ɗan ƙanwar mahaifiyarka, ko maƙwabcin da kuke sahu ɗaya a masallaci. Saƙon na cewa wai mutumin ɗan damfara ne, ya ci bashi ya gudu, kuma kai ne ka tsaya masa. Alhali ba ka tsaya wa kowa ba, ba ka ma san ya ci bashin ba. Wasu lokutan har sanarwar rasuwa ake haɗawa da hoton mutum yana da ransa, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Ta ina suka samu lambarka? Ranar da bawan Allahn nan ya sauke manhajar bashin, ta nemi izinin shiga lambobin da ke wayarsa da hotunansa. Yana cikin matsi, ga kuɗin makaranta, ga takardar magani a aljihu, sai ya danna ya amince. Kafin kuɗin su shigo asusunsa, duk sunan da ya taɓa adanawa ya koma rumbun kamfanin. Shi ya karɓi bashi, amma da lambarka da ta surukarsa da ta limamin unguwarsu aka yi jingina, kuma ba wanda aka tuntuɓa a cikinku.

Abin ya yi ƙamari har sai da hukumomi suka motsa. A watan Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu karɓar bashi. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin a Legas. Daga ƙarshen Mayun 2023 kuma Google ya hana manhajojin bashi da ke kasuwarsa taɓa lambobi da hotunan mutane. An samu sauƙi, amma abin da aka riga aka kwasa yana nan a hannun waɗanda suka kwasa.

A ganina, nan ne muka yi wa batun sirri gurguwar fahimta. Mun ɗauka magana ce tsakanin mutum da kansa, in ya so ya rufe, in ya so ya baje. Shi ya sa da ka ɗauko zancen sai wani ya ce maka, "Ni fa ba ni da abin ɓoyewa." To ai wayarka ba labarinka kaɗai ke cikinta ba. Akwai lambar matar wanka, akwai saƙon muryar da ƙanwarka ta turo tana kuka kan rikicin gidanta, akwai hoton mahaifinka a gadon asibiti. Duk amana ce, ko da ba wanda ya furta kalmar lokacin da yake turo maka.

Babbar badaƙalar bayanai da duniya ta fi tunawa ma ta wannan ƙofa ta shigo. Wani mai bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Aleksandr Kogan, ya ƙirƙiri manhajar tambayoyi a Facebook, irin wadda ke cewa za ta gaya maka halinka. Mutum kusan 270,000 ne suka yi amfani da ita. Sai dai tsarin Facebook na wancan lokaci ya ba manhajar damar kwashe bayanan abokansu ma, shi ya sa da asiri ya tonu a 2018 kamfanin ya ce adadin waɗanda abin ya shafa zai iya kai miliyan 87. Bayanan sun faɗa hannun Cambridge Analytica, kamfanin da ke yi wa 'yan siyasa aikin karkatar da ra'ayin masu zaɓe, wanda jaridun Ingila suka ruwaito an ɗauko shi aiki a zaɓen Najeriya na 2015. A nan gida, Facebook ya ce mutum 78 kacal suka sauke manhajar, amma ta hannunsu bayanan sama da mutum 271,000 suka shiga haɗari. Mutum 78! Ko ɗakin taro ɗaya ba za su cika ba. Amurka ta ci tarar Facebook dala biliyan 5 a 2019, sai dai babu wanda ya zo ya ba waɗancan dubbai haƙuri.

Haka manhajar Truecaller take aiki, wadda mutanenmu ke so don tana nuna sunan mai kira. Yawancin sunayen daga wayoyin jama'a ta tattaro su. Za ka iya zama ba ka taɓa sauke ta ba, amma duk wanda ka kira ya ga sunanka yadda wani ya ga damar adana shi, da laƙabin da kai ba ka so, ko da sana'arka da garinku a manne.

Wannan na kamfanoni ke nan. Wanda ya fi damuna shi ne wanda muke yi da hannunmu, cikin farin ciki. A duba bikin aure ɗaya. Tun daga hotunan kafin biki, ana buɗe lefe akwati bayan akwati a gaban kyamara, ana ɗaga sarƙar gwal ana juyawa. Ranar kai amarya ƙawaye sun shiga har ƙuryar ɗaki, sun nuna gado da kayan kicin, sun fito sun nuna ƙofar gida da launin get ɗin. Cikin taron akwai matar da mijinta bai san an ɗauke ta tana rawa ba, akwai dattijuwar da mayafinta ya zame. Kafin magariba suna yawo a TikTok, mutanen da ba su san su ba suna yi musu sharhin jiki. Mahajjaci ya ɗora hoton fasfo da tikitin jirgi, ya shaida wa duniya gidansa zai kwana arba'in babu shi. Uwa ta ɗora ɗanta ranar komawa makaranta, bajen makarantar a ƙirjinsa ana karanta shi sarai. Masu neman taimako su ɗauki marar lafiya tsirara rabin jiki, ko maraya yana karɓar buhun shinkafa, da kyakkyawar niyya, amma yaron nan zai girma ya tarar da hoton.

Kowane guda cikin waɗannan ƙaramin abu ne. Haɗarin yana wurin haɗa su. A 2017 kamfanin Strava, mai manhajar motsa jiki, ya wallafa taswirar hanyoyin da masu amfani da ita ke gudu a faɗin duniya, babu sunan kowa. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya, Nathan Ruser, ya lura da wasu zane-zane masu haske a tsakiyar duhun Siriya da Afganistan. Sojojin Amurka ne ke zagaye sansanoninsu, kowa yana auna gudunsa, jimillarsu kuma ta zana wa duniya taswirar wuraren da ake ɓoyewa. In haka ta faru da rundunar da ta fi kowace kashe kuɗi kan tsaro, ina ga magidanci a Gusau ko Birnin Gwari, inda masu garkuwa ke da 'yan leƙen asiri a cikin gari? A da sai infoma ya yi kwanaki yana sintiri kafin ya san motar wa ce, yara nawa, wace makaranta, yaushe maigida ke tafiya. Yanzu da yawan wannan aikin mun ɗauke masa.

Ginin gidan Bahaushe ya san wannan tun da daɗewa. Baƙo yana tsayawa a zaure, aboki na iya wuce shigifa, tsakar gida kuwa sai muharrami, kuma kowa sai ya yi sallama an amsa. Addini ya ƙarfafa haka, Suratun Nur ta hana shiga gidan mutane ba izini, Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirinsu. Waya ce ta zo mana babu zaure. Wanda ke Kano da wanda ke Landan, masoyi da mahassadi, duk a tsakar gida suke faɗowa lokaci guda. Ko WhatsApp da ke kulle saƙonni tun 2016, ta yadda kamfanin kansa ba ya iya karantawa, ba ya hana wanda ka tura wa ya ɗauki hoton hirar ya watsa. Aure nawa ne ya mutu, budurwa nawa ce ta daina fita, saboda saƙon da aka tura wa mutum ɗaya?

Sai kuma hukuma. A Disambar 2020, zamanin da Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, aka umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Mutane sun sha rana a layi, an ɗauki yatsunsu da fuskokinsu, an ce don tsaro ne. Ban ƙi hujjar ba, ƙasa tana da haƙƙin sanin masu amfani da layukanta. Amma wanda ya karɓi amana dole a tambaye shi. Har yau 'yan bindiga da waya suke cinikin kuɗin fansa, abin da Pantamin kansa ya koka a kai a farkon 2024. A 2024 ɗin ne kuma ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na 'yan ƙasa a kan naira 100, har ta ce ta sayi na ministan sadarwa Bosun Tijani don ta tabbatar. Hukumar NIMC mai ba da lambar NIN ta musanta cewa an kutsa rumbunta. Ko ta wace kafa suka fita, sun dai fita. Tun a 2020 ma kwamitin kare 'yan jarida na CPJ ya ruwaito yadda 'yan sanda suka yi amfani da bayanan kiran waya suka kai ga wasu 'yan jarida, ta hanyar fara kama mutanen da suke yawan waya da su. Nan ma ta kan makusanci aka bi.

Doka dai akwai ta. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanai wadda ta kafa hukumar NDPC, kuma a Yulin 2024 FCCPC ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220, hukuncin da kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar a Afrilun 2025. Dokar kare bayanan ta ba ka ikon tambayar kamfani abin da ya ajiye a kanka, ka sa a gyara ko a goge, ka janye amincewarka, ka kai ƙara in an ƙi.

Abin da ke hannunmu ba shi da wuya. Mutum ya buɗe saitin wayarsa ya duba manhajojin da ke da izinin lambobi da kyamara da wurin da yake, ya tambayi kansa me ya haɗa manhajar tocila da sunayen danginsa. A jinkirta ɗora hoton tafiya sai an dawo. A tambayi mutum kafin a ɗora shi, yaro kuma a bar masa fuskarsa har ya kai munzalin da zai zaɓa. Amma nauyin bai kamata ya ƙare a kan talaka ba. Sharuɗɗan da ake sa mu amince da su da Turancin lauyoyi aka rubuta, hanyar kai ƙorafi ma haka. Matar da aka watsa hotonta a Funtuwa ba ta san akwai wata NDPC a Abuja ba. Hukumar na buƙatar layin da za a kira a yi magana da Hausa, da shiri na kai a kai a gidajen rediyon Kano da Kaduna da Sakkwato, inda za a gaya wa mutane ƙarara wa za su kai ƙara, da me za su je, kuma kwana nawa za su jira amsa.