Hutun Iyali a Bakin Ruwa: Uwargida Ma ta Sarara

'Yar'uwa, a Alanya ta ƙasar Turkiyya akwai otal-otal na bakin teku da ake biyan kuɗi dunƙule: ɗaki, abinci, wasannin yara da motsa jiki duk a ciki. Wasunsu ba sa sayar da giya, sun kuma keɓe wa mata wurin iyo. Nan uwargida ke hutawa da tukunya.

Mu a Dukawuya teku ya yi mana nisa, amma ga Yankari a Bauchi da ruwan ɗuminta na Wikki.

Ko ina za ku, kafin maigida ya biya, ku tambaya: kuɗin ya haɗa da abinci? Akwai keɓewar mata? Wa ke lura da yara a ruwa? Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare.