Gano sanadi ba tare da ɗakin gwaji ba

Likitan da ke gwada sabon magani yana iya raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu, a hana wasu, sannan ya duba bambanci. Masanin tattalin arziki sau da yawa ba shi da wannan gata. Babu gwamnatin da za ta jefa ƙuri'a kan wanda za a ƙara wa albashi don kawai malaman jami'a su sami abin rubutawa. Sai dai ya jira doka ko iyakar ƙasa ta raba mutane, shi kuma ya bi sawu. Wannan shi ne bincike mai kama da gwaji, wanda Donald Campbell da Julian Stanley suka shimfiɗa ƙa'idojinsa a 1963.

A watan Afrilun 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa. Maƙwabciyarta Pennsylvania ta bar nata yadda yake. Masana tattalin arziki David Card da Alan Krueger suka tuntuɓi gidajen abinci 410, irin su Burger King da KFC, a jihohin biyu, kafin ƙarin da bayansa. Ba su tsaya ga kwatanta jiyan New Jersey da yau ɗinta ba, domin kasuwa na iya tashi ko faɗuwa saboda wani dalili can daban. Sai suka auna canjin yawan ma'aikata a New Jersey, suka ɗebe canjin da aka samu a Pennsylvania. Abin da ya rage suka ɗora wa ƙarin albashin. Ba su ga aiki ya ragu ba, alhali littattafan koyarwa sun daɗe suna cewa dole ya ragu.

To amma duk ginin ya tsaya ne kan zato guda: da ba a yi ƙarin ba, da jihohin biyu sun tafi kafaɗa da kafaɗa. Babu mai iya ganin wannan da ido, shi ya sa ba na ɗaukar binciken a matsayin yankan shakku. David Neumark da William Wascher ma sun duba takardun biyan albashi, suka ce aiki ya ragu, aka yi ta gardama shekara da shekaru.

Duk da haka salon ya samu gindin zama. A 2021 aka ba Card kyautar Nobel ta tattalin arziki tare da Joshua Angrist da Guido Imbens. Krueger ya riga ya rasu a 2019.