Aman jini: Awa 12 da ke raba mai ciwon hanta da ajali

A Keana, garin gishiri da ke jihar Nasarawa, idan magidanci ya fara aman jini, wasu kan yi zargin sammu. Sau da yawa kuwa hanta ce ta ƙandare.

Likitoci sun bayyana cewa idan hanta ta yi tauri, jinin da ke tasowa daga hanji ba ya samun hanyar ratsa ta. Sai ya karkata zuwa ƙananan jijiyoyin maƙoshi, su kumbura har su fashe. Alamar ita ce aman jini, ko baƙin bayan gida kamar kwalta. Cikin mutum 100 da hakan ta samu, 15 zuwa 20 kan rasu cikin mako shida.

Ana tsayar da jinin ba tare da tiyata ba. Bayan ƙarin jini da allurai, likita zai zura siririn bututu mai kyamara ta baki, ya zuƙo jijiyar, ya ɗaure ta da ɗan zoben roba. Ƙa'ida ita ce a yi hakan cikin awa 12. Ana maimaitawa bayan mako biyu zuwa huɗu har jijiyoyin su ɓace, tare da shan magani irin su propranolol. Ɗaurin dai ba ya warkar da hantar.

Ma'aikacin da ke Abuja, wanda shi dangi ke fara kira, ya kamata ya tambayi abu biyu kafin a ɗauko majinyaci zuwa Lafiya, Keffi ko Abuja: shin asibitin na da na'urar da likitanta, kuma akwai jini a ajiye? Kada a ba shi diclofenac ko ibuprofen. Ya kuma tuna cewa inshorar NHIA ta ma'aikata ta tsaya ne kan ma'aikaci, abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18.

Tushen matsalar galibi ciwon hanta ne nau'in B da C, sai barasa. Binciken NAIIS na 2018 ya gano nau'in B a jikin kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64. A 2020 Gwamna Abdullahi Sule ya ƙaddamar da shirin kawar da nau'in C a Nasarawa.

Nau'in C na warkewa da ƙwayoyi cikin mako 12, B kuma na da rigakafi. Wanda ya kai iyayensa gwaji da wuri ya rage wa kansa fargabar kiran tsakar dare.