Gandun Dajin Yankari: Amana A Hannun Maƙwabta

Matafiyin da ya tashi daga birnin Bauchi ya kama hanyar Gombe, in ya kai Dindima sai ya karkata kudu, har ya isa ƙauyen Mainamaji, watau ƙofar Gandun Dajin Yankari, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri. Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe wannan daji a 1956, aka buɗe shi ga 'yan kallo a 1962. Ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sa'an nan Jihar Bauchi ta karɓe shi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne.

Kogin Gaji shi ne ran Yankari. Da rani, sa'ad da tafkuna suka ƙafe, ciyawa ta bushe, namun daji kan gangaro bakinsa shan ruwa. A nan ake ganin giwa da ɓauna da gwanki da kanki da mazo, ga dorina da kada a cikin ruwa, ga tsuntsaye fiye da iri 350. Saboda haka ne aka fi zuwa kallo daga Disamba zuwa Afrilu. A tsakiyar gandun kuma akwai maɓuɓɓugar Wikki, wadda ɗumin ruwanta ba ya sauka daga digiri 31, rani da damina.

Tun kafin a keɓe dajin mutane sun zauna cikinsa. Rijiyoyin Dukkey, da kogunan da aka sassaƙa a jikin dutse, da tsoffin matoyan tama, duk suna nan, shaidar cewa kakanninmu sun yi zama tare da waɗannan dabbobi ba su ƙarar da su ba. Yau ma gandun ba shi da shinge. Manoma da makiyaya da maharba ne ke kewaye da shi, kuma a hannunsu makomarsa take.

Abin da ya fi damun hukuma shi ne giwa. Garken Yankari yana cikin 'yan kaɗan da suka rage a Nijeriya. Giwa takan yi wata 22 da ciki, ta haifi ɗa guda, sa'an nan ta yi shekaru kafin ta sake haihuwa. Ashe ke nan wadda aka harbe a dare ɗaya, mayar da gurbinta aikin shekaru ne. Dokar Tarayya ta 1985 ta hana farautarta, kuma tun 1989 ƙasashen duniya suka amince a hana cinikin haure a tsakaninsu.

Gaskiya ne giwaye kan fito su yi ɓarna a gonaki, musamman gab da kaka, kuma asarar manomi ba abin wasa ba ce. Amma ɗaukar doka a hannu ba ya mayar da dawar da aka cinye. Wanda ya ga garke ya nufo gona, sai ya sanar da mai unguwa da ma'aikatan gandu nan da nan, domin a kore shi. Makiyayi kada ya kora shanu cikin gandun, gama sukan cinye abincin namun daji, kuma cuta takan ratsa tsakaninsu. Kada a cinna wa daji wuta, kada a sayi naman da aka sato daga ciki.

Jama'a, kowa ya kiyaye waɗannan ƙa'idodi, ya kuma faɗa wa maƙwabcinsa, don jikokinmu su ga giwa da idonsu a bakin Gaji.