ƘWAN LANTARKI DA HASKEN GIDA

Tun shekarar 1896 aka fara kunna wutar lantarki a Legas, daga nan ta yi ta bazuwa zuwa sauran biranen ƙasar nan, har gidaje masu yawa suka jingine aci-balbal da fitilar ƙwai. Amma wata al'ada ta zamanin da ba ta bar jama'a ba. Har yanzu magidanci yakan shiga kanti ya ce a ba shi ƙwai mai wat 60 ko mai wat 100, yana tsammanin yawan wat shi ne yawan haske. Wannan kuskure ne, kuma kuskure ne mai cin kuɗi kowane wata.

Wat da Luman

Wat awo ne na wutar da ƙwai yake sha. Hasken da yake bayarwa kuwa da luman ake auna shi, kuma kamfanonin kirki sukan rubuta adadinsa a jikin kwali. A da, lokacin da ƙwan lantarki iri ɗaya ne a kasuwa, ba laifi a kwatanta haske da wat. Yanzu iri ya yawaita, tilas mai saye ya dubi luman tukuna, sa'an nan ya dubi wat.

Tsohon ƙwai, irin wanda Edison na Amurka da Swan na Ingila suka kyautata wajen shekarar 1879, yana da siririyar waya a cikin gilashi. Wuta tana bi ta cikinta har ta yi ja wur, ta ba da haske. Illarsa ita ce wajen kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama, ba haske ba. Duk wanda ya taɓa kai hannu kusa da shi ya san haka. Ga shi kuma ba ya daɗewa, gama bayan awa 1,000 ko makamancin haka wayar takan tsinke.

Bayansa sai doguwar fitila mai farin haske da ake gani a ofisoshi da makarantu, da ƙanwarta mai nannaɗaɗɗen gilashi wadda 'yan kasuwa ke kira ƙwan enaji. Waɗannan sun rage shan wuta ƙwarai. Na baya-bayan nan shi ne ƙwan LED, wanda ya samu bayan masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, sun gano hanyar fitar da shuɗin haske daga ƙanƙanin ƙwayar lantarki, aikin da ya sa aka ba su lambar Nobel a 2014. Ƙwan LED mai inganci yakan yi awa 15,000 zuwa 25,000 kafin ya gaji.

Ga misali. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da luman wajen 800. Ƙwan enaji yana ba da wannan haske da wat 13 zuwa 15, LED kuwa da wat 9 kacal. In gida yana da ƙwai 10, ana kunna su awa 6 kowane dare, tsofaffin za su sha yunit 108 a wata, LED kuwa yunit 16 da ɗoriya kaɗan. A kan farashin Naira 225 kowane yunit da aka sanya wa masu rukunin A a watan Afrilu na 2024, wancan ya kama Naira 24,300, wannan kuwa Naira 3,645. Haske ɗaya ne, ɗakuna ɗaya ne. Mai amfani da janareta ko batir da farantin hasken rana ya fi kowa ganin bambancin, domin shi kowane wat daga aljihunsa yake fitowa kai tsaye.

Akwai kuma launin haske, wanda ake rubutawa da lamba da harafin K. Mai 2700K zuwa 3000K haskensa rawaya-rawaya ne, mai sanyin ido, ya dace da ɗakin kwana da zaure. Mai 6500K fari ne fat kamar rana, ya fi kyau a ɗakin girki da wurin karatu ko ɗinki.

Mariƙin Ƙwai da Wayarin

Mariƙin ƙwai, wanda masu aikin wuta ke kira holda, iri biyu ne a ƙasar nan. Akwai mai ƙusoshi biyu da ake dannawa a murɗa kaɗan, alamarsa B22, akwai kuma mai zare da ake juyawa kamar murfin kwalba, alamarsa E27. Ya kamata a duba wanda ke gida kafin a tafi kanti. Mariƙin da ya ƙone, ko ya tsage, ko ya yi baƙi, a sake shi nan da nan, kada a ɗaure shi da leda ko tsumma.

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, kuma tana kisa. Saboda haka makunni dole ne ya kasance a kan wayar da ke ɗauke da wuta, don in an kashe shi mariƙin ya zama ba wuta a cikinsa. Wasu masu wayarin na ganin dama sukan juya wannan, sai ƙwai ya mutu amma wuta na nan a laɓe tana jiran yatsa. Kafin a sake ƙwai a kashe makunni, in da hali a kashe daga babban akwatin gida, hannu kuma ya zama a bushe. Fitilar da za a sa a banɗaki ko a waje inda ruwan sama ke dukanta, sai mai murfin da ruwa ba ya shiga. Amma a lura, LED ba ya son a kulle shi inda iska ba ta ratsawa, domin zafi ne ke gajarta kwanansa.

Wani mugun hali da ya zama ruwan dare, musamman a gidajen haya da shaguna, shi ne jawo wuta daga mariƙin ƙwai a jona dutsen guga ko hita. Wayar fitilu siririya ce, yawanci mai kaurin murabba'in milimita 1.5, ba a yi ta don kaya mai nauyi ba. Ta soket ta fi ta kauri, murabba'in milimita 2.5. In aka ɗora wa siririyar abin da ya fi ƙarfinta sai ta yi zafi, robarta ta narke a cikin silin inda ba mai gani, gobara ta tashi cikin dare.

Wannan gargaɗi ya shafi matasa masu harhaɗa kwamfutar tebur da kansu daga kayan da suke saya ɗai-ɗai a kasuwa. Akwatin wutar da ke cikin irin wannan kwamfuta yakan kai wat 400 zuwa 600, kuma yana bukatar soket mai baki uku wanda wayarsa ta ƙasa take haɗe sosai, gama jikin kwamfutar ƙarfe ne. Mariƙin ƙwai ba shi da wannan kariya. Akwatin wutar kuma ba a buɗe shi ko da an zare filogi, domin yakan riƙe sauran wuta a cikinsa.

In Ƙwai Ya Fashe

Doguwar fitila da ƙwan enaji suna ɗauke da ɗan zaiba a ciki, zaiba kuwa guba ce. In ɗayansu ya fashe, a fitar da yara, a buɗe tagogi, a bar ɗakin ya sha iska na ɗan lokaci. Sa'an nan a kwashe gutsattsarin da kwali mai kauri, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, a zuba duka cikin kwalba ko leda a ɗaure. Kada a share da tsintsiya, kada kuma a jefa matattun fitilun a bola inda yara ke farfasa su don wasa.